Yadda Ake Riƙe Furannin Gida Daga Ɗaukewar Ruwa Zuwa Tsakiyar Hunturu

Duk wanda ya taɓa shuka fulawa a tsakar gida a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, ya san cewa damina ba ta nuna gwanin lambu, domin a markar watan Agusta ko reshe aka soka a ƙasa sai ya yi ƙoƙarin tsiro. Gwaninta tana bayyana ne idan kaka ta kama, sa'ad da hadari ya fara haɗuwa yana watsewa ba ruwa, zafin agazari ya sauka, manoma suka koma kan cirar gyaɗa da roron wake. A Kaduna da Zariya ruwa kan kai tsakiyar Oktoba, a Kano da Katsina yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a Damagaram kuwa tun kafin nan. Daga ruwan ƙarshe zuwa busowar iskar hunturu akwai makonni shida zuwa takwas, kuma abin da mutum ya yi a cikinsu shi ne zai sa gidansa ya kai Janairu da fure, ko ya wayi gari a Disamba da busassun karare a cikin tukwane.

A ƙasashen Turai, abin da mai lambu ke tsoro a wannan lokaci shi ne sanyin da ke daskarar da ruwa ya ƙone tsiro a dare ɗaya. Mu a nan ƙishirwa ce da ƙura da busasshiyar iska. Daren Disamba da Janairu a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, wanda bai isa ya kashe fulawa ba, amma da rana danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma wannan shi ke tsotse ganye ya bar shi kamar takarda. Saboda haka bayanin da ke bayan fakitin irin da aka shigo da shi daga can ba lallai ne ya dace da mu ba. Mutanen Jos, da ke zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, suna iya riƙe wardi da sauran furannin ƙasashen sanyi ba tare da wahala ba, amma wanda ke Sakkwato ko Gusau gara ya cire ransa daga kwaikwayonsu.

Matakin farko bai shafi tsiro ba, ya shafi ruwa. Ka zauna ka yi wa kanka lissafi na gaskiya: bokiti nawa za ka iya ba lambu a kowace rana a watan Fabrairu da Maris, lokacin da rijiya ta ja baya, famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, mai garuwa kuma ya ƙara kuɗin jarka? Wannan adadin, ba na yau ba, shi ne ma'aunin yawan shukar da ta kamace ka. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya duk suna shiga lissafi, idan an ajiye bokiti ana tarawa. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, ba su shiga, domin a hankali suke lalata ƙasar tukunya.

Idan ka san yawan ruwanka, sai ka zaga gida da safe ka raba abin da ke akwai gida uku. Akwai furannin shekara ɗaya da aka shuka da damina kuma har yanzu suna fure, irin su ziniya, da marigol mai ruwan ɗorawa da ƙamshi mai ƙarfi, da kosmos mai siririn ganye, da gomfirena wadda furenta ke kama da ƙananan maɓallai masu launin shuni. Akwai masu shekaru da ke jure fari, waɗanda zan daɗe a kansu a gaba. Sannan akwai shagwaɓaɓɓu, masu faɗin ganye da taushin jiki, da suka yi kyau a damina amma ba sa kwana biyu babu ruwa. Waɗannan na ƙarshe ka zaɓi biyu ko uku da ka fi so ka kai su inuwa kusa da randa ko bakin famfo, sauran ka bayar kyauta tun suna da kyan gani. Tukwanen da bukatarsu ta zo ɗaya a jera su wuri ɗaya, a matse su kusa da juna, domin suna yi wa juna inuwa, kuma yaron da aka sa ban ruwa ba zai rikice ya shayar da wanda ba ya so ba.

Daga nan sai a ɗauki almakashi. Furen shekara ɗaya burinsa ya yi iri ya mutu, kuma da zarar ya ga irinsa ya ƙosa sai ya daina fitar da sabon fure. Dabarar ita ce a hana shi cika wannan buri da wuri. Kowane kwana biyu ko uku a bi ziniya da marigol da kosmos a yanke duk furen da ya fara yaushi, kuma kada a tsinke kan furen kawai, a bi karan zuwa inda ganye biyu suka fito a yanke daidai samansu, domin daga hammatar waɗannan ganyen ne sababbin rassa biyu za su tsiro, kowane da furensa. Tsiron da ya yi tsawo ya rame har ya fara kwanciya, a rage masa kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, a cire ganyen ƙasa da ya yi rawaya ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Wannan farin cuta ce da ke yawan kama ziniya a lokacin raɓa, kuma ganyen da ya kamu ba a zuba shi cikin taki, ƙone shi ake yi. Da wannan ɗan aiki na minti goma furen da zai ƙare a Oktoba yakan kai ƙarshen Nuwamba, wani lokaci har ya wuce. Gomfirena ba ta bukatar ko wannan, domin furenta a bushe yake tun asali, kuma idan aka yanke shi aka rataye a inuwa yakan riƙe launinsa watanni.

A cikin wannan rukuni ina sa yakuwa, ko da yake mutane ba su saba ganinta a matsayin kayan ado ba. Tana daga cikin tsirran da ke jiran dare ya fara tsawo kafin su yi fure, shi ya sa take fara nuna kanta daidai lokacin da sauran ke gajiya. Jan karanta da jan zoɓonta a jikin farar katanga sun fi fulawa da yawa da ake saye da tsada, kuma a ƙarshe a tsinke a shanya a sha.

Mataki na gaba shi ne rufe ƙasa, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi. A yi shi tun ƙasa tana da sauran danshin damina, domin rufe busasshiyar ƙasa ba ya ƙara mata komai. A fara da cire ciyawa kafin ta zubar da iri, a sassauta saman ƙasa da ƙaramar fartanya ba tare da zurfafawa ba don kada a yanke saiwa, a barbaɗa ruɓaɓɓen taki, a ba da ruwa sosai, sannan a shimfiɗa abin rufi mai kaurin yatsu uku. Kaka ta zo da sauƙin wannan: ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayi, busasshiyar ciyawa, ko ganyen da aka share a gindin bishiya. Harawa dai a bar wa dabbobi, ta fi ƙarfin wannan aiki. Abin lura ɗaya shi ne gara, wadda da rani take neman duk abin da ya bushe. Kada abin rufin ya taɓa jikin tsiro, a bar masa fili kamar faɗin tafin hannu a kewaye, a zagaya da ɗan toka, kuma a riƙa ɗaga rufin sau ɗaya a mako ana dubawa. Tukunyar da ke ƙasa a ɗora ta kan bulo ko duwatsu, don kada gara ta bi ramin gindinta ta shiga.

Ban ruwa da rani yana da ƙa'ida ɗaya da ta fi sauran: a ba da shi da yawa jefi-jefi ya fi a yayyafa kaɗan kullum. Yayyafi yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, sai saiwa ta taso sama tana nemansa, rana ɗaya aka manta sai tsiro ya faɗi. Ruwan da ya ratsa ƙasa yana jan saiwa zuwa ƙasa inda sanyi yake. Kafin a zuba, a soka yatsa har gaɓa biyu, idan an ji laima a bari sai gobe. A zuba a gindi, ba a kan ganye da fure ba, kuma da sassafe ya fi, musamman idan sanyi ya shigo. Ga wanda ke da shuka a ƙasa kuma ba ya zama gida, akwai tsohuwar dabara mai kyau: a samo tukunyar ƙasa ko ƙaramin tulu wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba, a binne shi har wuya a tsakiyar shukar, a cika da ruwa a rufe bakin da faranti saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tukunyar daidai yadda ƙasa ke bukata, saiwoyi kuma su zo su kewaye ta. A gidana cikawa ɗaya tana kai kwana uku zuwa huɗu a watan Disamba.

Yanzu sai batun tsirran da ba su da wahalar kulawa, waɗanda su ne ginshiƙin lambun rani, kuma wanda bai da su kaka ce lokacin da ya kamata ya nema.

Ta farko ita ce bugenbiliya, mai hawa katanga da ƙaya da launin ja ko shuni ko fari ko ruwan lemo. Asalinta Kudancin Amurka ne, an kuma raɗa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, wanda ayarinsa ya gan ta a Barazil a shekarun 1760. Abin da muke kira furenta a gaskiya ganye ne mai launi, ainihin furen ɗan fari ne ƙarami a tsakiya. Halinta ya yi daidai da ƙasarmu, domin da damina ganye take yi, sai ruwa ya ɗauke ta ji ƙishirwa take rufe kanta da launi. Wanda ke kukan tasa ta ƙi fure, sau da yawa shi ya jawo, ko dai ya dasa ta a inuwa, ko yana ba ta ruwa kullum, ko ya cika ta da taki. Tana son rana ta akalla awa shida, kuma wadda ta kafu a ƙasa ruwa sau ɗaya a mako ya ishe ta. A rage mata dogayen rassa da zarar ruwa ya ɗauke, domin a sababbin rassa take fure. Wajen dashe a yi hattara, saiwarta ba ta son taɓi: a yanka ledar da reza a zare ta, a sa dunƙulen ƙasar yadda yake cikin rami, kada a girgiza shi.

Ta biyu ita ce kariya, wadda ba baƙuwa ba ce, 'yar ƙasa ce da ke tsirowa da kanta a dajin Sahel. Gindinta a kumbure yake domin a nan take ajiye ruwa, kuma da rani takan zubar da ganye ta fitar da furanni masu launin hoda a kan tsirarun rassa. A kanta na yi kuskuren da ya koya mini yawancin abin da ke cikin wannan rubutu. Na sayi wata a wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, na sa ta a bokitin fenti da ban huda gindinsa ba, cikin ƙasar laka, ina ba ta ruwa safe da yamma saboda ina sonta. Da ganyenta ya fara rawaya sai na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ranar da na danna gindin da babban yatsa, sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, wani baƙin ruwa mai wari ya fito. Na kai wa wani dattijo mai gadi a unguwarmu da ya daɗe yana aikin lambu, ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, ai wannan ba ƙishirwa ta kashe ta ba, gata ne ya yi mata yawa." Na ce, "To Baba, yaya ake yi?" Ya ce in haɗa yashi rabi, ƙasa da ɗan taki rabi, in sa a tukunyar ƙasa mai huda, in bar kumburin gindin a sama, in ajiye a rana, in kuma manta da ita kwana goma. Wadda na shuka a haka tana nan har yau. Ana iya samun sabuwa ta yankan reshe, a bar shi a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin yankan ya bushe kafin a soka, sai dai wadda aka samu ta iri ita ta fi yin babban gindi. Ruwan jikinta dafi ne, har mafarauta a wasu sassan Afirka sun yi amfani da shi a kan kibiya, don haka a wanke hannu bayan an yanka, kuma a nisanta ta da yara.

Binka, mai fure fari ko hoda mai kunnuwa biyar da ganye mai sheƙi, asalinta tsibirin Madagaska ne, kuma ita ce fulawar da zan ba wanda bai taɓa shuka komai ba. Tana fure kusan duk shekara, tana zubar da iri ta tsiro da kanta ko a tsagar siminti, abin da kawai ba ta so shi ne ruwa ya kwanta a gindinta. Daga jikinta masana suka fitar da wasu magungunan sankarar jini, amma wannan aikin ɗakin bincike ne, tsiron kansa guba ne ga wanda ya dafa ya sha. Fotulaka kuwa, mai ɗan ganye mai kauri da ke shimfiɗa a ƙasa, furenta ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi, ya rufe da yamma, kuma ɗan tsinke ɗaya da aka karya aka soka a yashi ya isa ya cika kasko cikin makonni. Ta dace da bakin tukunyar manyan shuke-shuke, inda take zama abin rufin ƙasa mai rai.

Don shinge babu kamar lalle. Yana jure fari, yana karɓar aski, ƙananan furanninsa suna cika tsakar gida da ƙamshi da dare, matan gida kuma ba za su bar ganyen ya tafi a banza ba. A zaure ko baranda inda rana ba ta shiga sosai, moda mai dogon ganye tsaye kamar takobi da alobera sun wadatar, ruwa sau ɗaya a kwana goma ko mako biyu. Akwai kuma oliyanda, da 'yar uwarta mai fure rawaya kamar ƙararrawa da ake gani a bakin tituna da harabar makarantu. Ba sa mutuwa da sauƙi, amma ni ba na ba mai ƙananan yara ko awaki shawarar dasa su, domin ganye da fure da 'ya'yansu duk guba ne mai taɓa zuciya, kuma ba a yin asuwaki ko tsinken tsire ko makamashi da itacensu.

Taki da rani kaɗan ake so. Ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki da ya shekara, wanda ya koma baƙi ya daina wari, shi ne mafi aminci. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Wanda zai sa na zamani ya nemi NPK 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya ga matsakaiciyar tukunya sau ɗaya a wata, a gefen tukunya nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A guji yuriya, domin kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, wanda ke sa ganye ya yi kore shar amma fure ya ƙi fitowa, ga kuma taushin da ke kiran ƙwari.

Idan hazo ya sauka, ƙura takan lulluɓe ganye har ta toshe masa numfashi, kuma a ƙarƙashinta ne ƙananan ƙwari ke samun mafaka. Sau ɗaya a mako, da safe, a wanke ganyen masu shekaru da ruwa, a juya bayansa a duba. Darɓa takan taru a kan sababbin toho, wani farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga kuma yakan maƙale a hammatar ganye, kuma idan ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin tsiro to akwai ɗayansu. Maganin yana bakin ƙofa: a daka rabin kilo na busassun 'ya'yan darbejiya, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye, a maimaita bayan mako guda. Ba a ajiye shi, ranar da aka tace ake amfani da shi. Fara kuma, wadda ke shigowa gari idan an gama girbi daji ya bushe, da sassafe ake kama ta da hannu tun sanyi bai sake ta ba. Akuya dai babu maganinta sai ƙofa mai sakata ko shingen waya, domin da rani duk wani kore a unguwa ta san inda yake.

Wanda lissafin ruwansa ya nuna yana da rara zai iya sake shuka. Irin marigol da ziniya da aka zuba a tsakiyar Oktoba yakan tsiro cikin mako guda, ya fara fure bayan makonni bakwai zuwa tara, wato daidai Disamba, kuma furen sanyi ya fi na damina daɗewa a kan kara domin babu ruwan sama mai dukansa. A haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a binne irin a zurfin da bai wuce rabin gaɓar yatsa ba, a ajiye a gefen katangar da ke tare iskar arewa maso gabas, domin daga can hunturu ke busowa. Yankan reshen bugenbiliya da lalle kuwa, in ba a yi shi ba kafin iska ta bushe, gara a jira damina, sai dai in za a kife masa yankakkiyar gorar ruwa don ta riƙe masa danshi.

Aiki na ƙarshe shi ne ajiye iri. Wajen ƙarshen Nuwamba a zaɓi tsiro biyu ko uku mafi lafiya daga kowane nau'i a daina yanke musu fure, a bar shi ya bushe a kan kara har ya koma ruwan ƙasa. A tsinke da rana bayan raɓa ta kama gabanta, a murza a kan faifai, a hure ƙaiƙayin, a ƙara shanyawa a inuwa kwana uku. A zuba a ambulan ko a ƙunshe a takarda, ba a leda ba, domin leda tana tara gumi iri ya yi fumfuna. A rubuta suna da launi da shekara a jiki, a sa ƙunshin cikin kwalba mai murfi tare da ɗan busasshen toka saboda ƙwari, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da kicin. Irin da aka saya a fakiti mai alamar F1 'ya'yansa ba lallai su yi kama da uwar ba, don haka kada a yi mamaki idan ja ya haifi rawaya. Kwalbar ba za a sake buɗe ta ba sai ruwa ya zauna sosai a watan Yuni.